Ranar farko a gidan likita ga mai ɗauke da ƙwayar sida

Idan awon jini ya nuna mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, ba a miƙa masa magani kawai ya kama hanyar gida. Sai likita ya zauna da shi tukuna. Ƙwayar tana iya yin shekaru a jiki tana rage masa ƙarfi a ɓoye, wasu cututtuka kuma su samu ƙofar shiga. Aikin ranar farko shi ne a gano su.

Da tambayoyi ake farawa. Kana tari? Kana zazzaɓi? Kana zufa da dare har riga ta jiƙe? Ka rame? Tambayoyin nan huɗu duk tarin fuka suke nema, domin shi ne ciwon da ya fi kashe masu ɗauke da ƙwayar sida a duniya. Wanda ke da ko ɗaya daga cikin alamun nan, za a karɓi kakinsa a auna. Idan an samu tarin, maganinsa ake fara sha, na sida ya biyo baya cikin mako biyu.

Mai ciwon kai mai tsanani wanda ya ƙi sauka, kada ya ce gajiyar gona ce. Akwai wani irin sanƙarau, dabam da wanda muka sani na lokacin zafi, da ke kama wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai. Idan shi ne, sai an yi mako 4 zuwa 6 ana maganinsa kafin a soma na sida. Gaggawa a nan tana iya kashe mutum.

Mu kuma faɗi duk abin da muke sha, har jiƙo da sassaƙe. Likita ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya hana shi tona asirin mara lafiya. Mace ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa, domin magani yana kare jinjiri.

Daga nan a auna nauyin mutum, a duba bakinsa ko akwai farin abu bisa harshe, a duba fata, a taɓa wuya da hammata ko akwai kaluluwa.

Sai awon jini. Cikin jininmu akwai wasu sojoji masu tsaron jiki, likitoci suna kiransu CD4. Mai lafiya yakan samu 500 ko fiye a awo. Idan sun kasa 200, ciwo ya yi nisa ko da mutum yana noma da ƙarfinsa, kuma za a ƙara masa bincike da maganin rigakafi mai suna kotirimokzazol. Akan duba ciwon hanta ma.

A da, sai sojojin nan sun ragu ake ba da magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a ba kowa. A 2017 ta ƙara da cewa a fara cikin kwana 7, ko ma a ranar, idan mutum ya shirya kuma babu abin da ya hana. Ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce kullum, ba fashi.

Likita zai nemi a kawo miji ko mata da yara su ma a auna su. Bayan wata 6 kuma a sake ɗibar jini, a ga ko ƙwayar cutar ta kwanta.