Masaukin Baƙi a Hanyar Gandun Dajin Yankari: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta yi iyaka da Gandun Dajin Yankari, da kuma waɗanda mutanensu kan zo neman shawara kafin su kama hanyar can. Abin da ya jawo shirya ta kuskure ne guda wanda baƙi ke maimaitawa duk sa'ad da rani ya shigo. Mutum ya ji an ce ƙofar Yankari tana Mainamaji, sai ya ɗauka in ya isa Mainamaji ya isa masauki. Alhali kuwa tsakanin ƙofar da Sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai tafiyar kimanin kilomita 42, watau wajen mil 26, kuma duk cikin daji ne. Wanda bai san wannan ba shi ne akan tarar a bakin ƙofa bayan magariba, da mata da yara a mota, yana tambayar inda zai sa haƙarƙarinsa.

Asalin gandun da mai riƙe da shi

Gandun yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kewaye da ƙasashen Duguri da Pali da Gwana. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Cikin 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta yarda a keɓe wurin domin kiyaye namun daji, cikin 1957 aka shata shi ya zama gandun daji na En'e ta Bauchi, ran 1 ga Disamba 1962 kuma aka buɗe shi ga jama'a. Cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, sa'an nan cikin 2006 ya komo hannun Gwamnatin Jihar Bauchi.

Wannan na ƙarshe ya kamata magatakarda su riƙe shi da kyau. Har yanzu akwai tsofaffin littattafai da taswirori masu kiran Yankari gandun Tarayya, to, mai neman ɗaki in ya bi su ya aika da takardarsa Abuja ya ɓata lokacinsa. Maganar masauki a Bauchi ake yinta, ko kuwa a Wikki kanta.

Babu gari a cikin gandun, babu ƙauye, babu ruga. Doka ta hana zama da noma da kiwo da farauta da saran itace a ciki. A dā can an zauna, shaida kuwa ga ta nan: rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari da aka haƙa cikin dutse, da kogunan Marshall, da kufan matoyar ƙarfe. Amma mutanen sun tashi tun tuni. Saboda haka matafiyin da dare ya riska bayan ya wuce ƙofa ba shi da zauren da zai yi sallama. Giwa ce maƙwabciyarsa, da ɓauna, da zaki ma, ko da yake zakunan sun ragu ƙwarai.

Hanya da lissafin lokaci

Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe har Dindima, garin da ke bakin Kogin Gongola, sa'an nan a ratse kudu a yi kimanin kilomita 29 zuwa Mainamaji. Jimlar tafiya daga Bauchi zuwa Wikki ta kai kilomita 110, ko ɗara haka kaɗan. A bakin ƙofa akan tsaya a rubuta sunaye, a biya kuɗin shiga na mutane da na mota, a karɓi rasit. Babbar motar 'yan makaranta ta kan ɓata lokaci mai yawa a nan, gama sai an ƙirga kowa. Cikin gandun kuma ba a gudu da mota, domin dabba na iya tsallaka hanya a kowane lokaci, kuma ba a son tafiyar dare. Mai hankali ya bar Bauchi da hantsi, in ya makara ƙwarai to da azahar. Wanda ya tsaya sai ya yi sallar la'asar a Bauchi, lalle ya shirya wa kwanan bakin ƙofa.

Akwai wani abu kuma da talakawa ba su cika lura da shi ba. Wikki ba kasuwa ba ce, don haka ba ta da tashar motocin haya. Motar Gombe za ta sauke mutum a Dindima, daga nan ya samu abin da zai kai shi Mainamaji, amma daga ƙofa zuwa ciki ba a tafiya a ƙasa. Wanda ba shi da mota sai ya yi shatar wata tun daga gari, su kuma yi ƙa'ida da direba a kan ranar komowa.

Wuraren kwana

Na farko Sansanin Wikki. An gina shi a kan tudun da ke bisa maɓuɓɓugar ruwan ɗumi mai wannan suna, wadda ɗuminta ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, ruwanta kuma yana gangarawa cikin Kogin Gaji. Akwai ɗakuna wajen 110, hawa hawa, tun daga na manyan baƙi har zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, akwai gidan cin abinci, da zauren taro, da ɗakin ajiye kayan tarihi. Fa'idar kwana a nan ita ce mutum yana wurin sa'ad da ake fita kallon dabbobi, watau da sassafe da kuma bayan la'asar. Da tsakar rana dabbobin sun shige inuwa, ba a ganin kome sai kurmi.

Ɗaki 110 ya yi kama da abu mai yawa, amma ba ya isa a lokacin da kowa ke so. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi sun taru a bakin Gaji, a nan ne kallo ya fi kyau, a nan ne kuma baƙi suka fi yawa. In hutun Kirsimeti ko na Salla ya faɗo cikin waɗannan watanni, ko wata ma'aikata ta kama wurin domin taro, mai zuwa ba da sanarwa ba yana iya tarar da babu ko gado ɗaya. A gargaɗi baƙo kuma game da bika. Birran nan sun saba da mutane har sun raina su, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge ƙunshin abinci daga hannun yaro. Gadu ma na kiwo tsakanin ɗakuna kamar akuya. Kada a ba su abinci, kada a tsokane su.

Na biyu birnin Bauchi, inda akwai gidajen saukar baƙi iri iri, na mai hali da na mai ƙaramin ƙarfi. Wannan ya dace da tsofaffi, da marasa lafiya masu bukatar zama kusa da asibiti, da wanda ya iso da yamma daga nesa, kamar Kano ko Jos ko Maiduguri. Ya kwana, gari ya waye ya kama hanya. Sai dai ya sani fitar safe ta ranar nan ta wuce shi.

Na uku su ne garuruwan hanya, Dindima da Mainamaji da na kusa da su, kuma a nan ne aikin hakimi yake. Ba a gina garuruwan nan domin masu yawon buɗe ido ba, amma baƙon da ya makara a kansu yake faɗawa, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Al'adar ƙasar nan tun zamanin fatake ita ce baƙo ya fara zuwa ƙofar mai gari, mai gari ya sa a kai shi zango ko ya haɗa shi da mai masauki, shi kuwa mai masauki ya ɗauki nauyin baƙon da kayansa har ya tashi. Wannan tsari bai tsufa ba, gyara kaɗai yake so. Zai kyautu kowane dagaci na kan hanyar ya san gida biyu ko uku na mutanen kirki waɗanda suka yarda su sauki baƙi, da ɗakin maza daban, na mata daban, da tabarma mai tsabta, da ruwa, da makewayi, da gidan sauro. A yanka abin da za a biya tun da wuri, kowa ya sani. Mutumin da ya ga baƙo a matse ya tsawwala masa kuɗi ya ci ribar dare ɗaya, amma sunan garin ne zai tafi da baƙon har inda ya fito.

Mutanen ƙauyukan gefen gandun su ne ke ɗaukar wahalarsa. Giwa ta kan fito ta tattake gonar dawa ko masara cikin dare guda, an kuma hana su kiwo da farauta a dajin da kakanninsu suka sani. In kuwa duk kuɗin baƙi yana wucewa ta gabansu cikin mota ba ya tsayawa, da wuya su ga amfanin dabbar da ke cinye musu abinci. Kuɗin ɗaki, da na tuwo, da na ƙwai da kaji da zuma da ake sayar wa baƙi, ba su da yawa, amma hannun talaka suke shiga kai tsaye.

Littafin baƙi

Ba kowane mai sauka kusa da gandun ne ya zo kallo ba. Akwai mafarauta masu neman haure da nama, akwai masu saye daga hannunsu, kuma dukansu da sunan baƙunci suke shiga gari. Tun 2014 ƙungiyar WCS ta Amurka ke taimakon Gwamnatin Jihar Bauchi wajen aikin sintiri, kisan giwaye kuwa ya ragu ƙwarai, amma masu gadin daji ba sa iya ganin abin da ke cikin zaurukan gari. Bugu da ƙari, cikin 2025 'yan bindiga sun yi ɓarna a wasu dazuzzukan ƙasar Alkaleri har aka yi hasarar rayuka. Domin haka wajibi ne kowane mai masauki ya kai baƙonsa gaban mai unguwa, magatakarda kuma ya ajiye littafi ya rubuta sunan baƙo, da garinsu, da lambar motarsa, da ranar saukarsa da ta tashinsa. Baƙon kirki ba ya ƙin wannan, shi ma kariya ce gare shi in wani abu ya same shi a hanya. Wanda ya ƙi faɗin sunansa, ko aka ga bindiga ko tarko cikin kayansa, a sanar da hakimi da 'yan sanda nan da nan, kada mai gida ya tsaya jayayya da shi.

Ga hakiman nesa, waɗanda makarantu ko ƙungiyoyin ƙasarsu ke shirin zuwa, aikin ya fi sauƙi. Magatakarda ya rubuta wa masu kula da Sansanin Wikki, ko ya buga musu waya, tun da sauran mako biyu ko uku. Ya faɗi yawan mutane, maza nawa mata nawa, yara nawa, kwana nawa za su yi, da ko za su zo da abincinsu. Ya tambayi kuɗin ɗaki da na shiga, da lokacin rufe ƙofa, da halin da hanya ke ciki. Kada ayari ya tashi sai an sami amsa, shugaban tafiya kuma ya riƙe ta a aljihunsa. A cika tankin mota a Bauchi, a duba tayar safiya, a ɗauki ruwan sha da tocila. In tafiyar ta faɗo cikin damina, daga Yuni zuwa Satumba, ɗakuna sun fi samuwa, amma a faɗa wa mutanen tun daga gida cewa ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watsu cikin daji, wasu hanyoyin kallo kuma ba sa biyuwa sai ruwa ya ɗauke.