Haushin da Ake Hucewa a Kan Yaro



Kin taɓa lura? Maigida ya gaya miki magana da safe, kin haɗiye. Da rana yaro ya zubar da kunu, kin rufe shi da duka. To, dukan nan ba na kunu ba ne.

Wani likita ɗan Ostiriya, Sigmund Freud (1856–1939), ya ce yawancin abin da ke juya mu yana can ƙasan zuciya, ba mu sani ba. Ya kasa halin mutum uku: son rai mai cewa "yanzu-yanzu", tarbiyya mai cewa "kul!", sai hankali mai sasanta su. Ɓacin ran da aka danne ba ya mutuwa, sai ya sauka kan wanda ba ya iya ramawa. Yaron kuwa ya girma da tabon.

Masana sun ƙi wasu maganganun Freud, amma maganinsa, wato faɗin damuwa ga mai saurare, ana aiki da shi har yau.

Don haka, kafin ki ɗaga hannu, tambayi kanki: da wa nake fushi? Ki samu aminiya ki faɗa mata. In damuwa ta hana ki ci da barci, a kai ki asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Zuwa can ba hauka ba ne.

Allah ya ba mu lafiya.