Baƙin Malamai a Fadar Kano

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau gadon sarauta a 1349, Wangarawa suka iso daga Mali da addini, sa'an nan a zamanin Sarki Yakubu Fulani suka zo da littattafan tauhidi, suka ƙara a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da malaman gari suke karantarwa. Amma baƙon da ya fi barin gurbi shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, wanda bayan ya baro Tuwat, ya keta Sahara ta ƙasar Azbin, ya sauka Kano wajen 1492, a zamanin Muhammadu Rumfa.

Rumfa kuwa ba ƙaramin sarki ba ne, domin shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau sarakunan Kano suke ciki. Amma duk da wannan ɗaukaka sai ya karɓi nasiha daga bakin baƙo, har al-Magili ya rubuta masa Tajud Dini, risala mai babi takwas a kan wajiban sarakuna, inda ya gargaɗe shi a kan adalci cikin hukunci, da tara dukiya ta halas, da kada ya ɓuya wa talakawansa. A ganina wannan sauraro ya fi fada da kasuwa daraja, tun da bayan shekara ɗari uku Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sake ɗiba daga wannan risala sa'ad da yake wallafa Liya'ul Hukkami a cikin Kano ɗin.

Katsina ma ta ba Aida Ahmad, almajirin al-Magili, alƙalanci. Hatta a Ingila, Sarki Alfired, da ya ga yaƙi ya durƙusar da ilimi a ƙasarsa, sai da ya aika ƙetaren teku aka zo masa da malami Girimbal wajen 886.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da mawadatan garuruwanmu, idan malami baƙo ya sauka, a bincika sanadin karatunsa, in ya inganta a ba shi masauki da zauren karantarwa, a kuma jure wa gaskiyar da zai faɗa.