Cinikin Kayan Da Ta Hanyar Intanet: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da Malaman Hakimai na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, a kan wata irin sana'a wadda ya kamata su fahimce ta sarai tun ba ta kawo musu ƙararraki ba. Sana'ar ita ce sayen tsofaffin kaya daga gidajen mutane, a ɗauki hotonsu, a rubuta labarinsu, sa'an nan a baje su ga masu saye ta hanyar intanet. Mai yin ta ba ya bukatar rumfa ko shago. Wayar hannu kaɗai ta ishe shi, ita kuwa yanzu ta kai har ƙauyuka irin su Tursa a ƙasar Rabah.

Ga asali dai ba baƙon abu ba ne. Dillanci ne, irin wanda dillalai mata su ka saba yi tun da, suna shiga gida gida da tasoshi da zannuwa, suna karɓar la'ada. Bambancin kurum shi ne, mai saye ba ya zaune a unguwa. Watakila yana Ikko, ko Abuja, ko Ingila, ko Amurka. Ba zai taɓa kayan da hannunsa ba sai bayan ya biya. Abin da ya ke gani shi ne hoto, abin da ya ke ji kuwa shi ne labarin da mai sayarwa ya rubuta. Akan yi wannan talla a Instagram da Facebook da WhatsApp, akwai kuma manyan kasuwanni na intanet kamar eBay, wadda aka kafa a Amurka cikin 1995, da Etsy, wadda aka kafa cikin 2005. Ka'idar Etsy ita ce ba a kiran abu kayan da sai ya kai shekara 20.

Darajar labari

Wani zai ce, ina ruwan mai saye da labari, ba kaya ya ke so ba? To, an gwada wannan. Cikin shekarar 2009 ne wasu marubuta biyu na Amurka, Rob Walker da Joshua Glenn, su ka sayi tarkacen gwanjo kamar guda 100 a kan kimanin dala 129 duka. Su ka ba marubuta kowa ya ƙaga labari a kan abu guda, aka sa kayan a eBay tare da labarun, ba a kuwa ɓoye wa masu saye cewa ƙage ne ba. Da aka gama sayarwa, kuɗin da aka samu ya wuce dala 3,600. Kayan ba su sake ba ko kaɗan, labari ne kaɗai ya ƙaru.

In ƙagaggen labari ya yi wannan aiki, ina ga na gaskiya? Ƙasar nan kuwa ba ta rasa labari ba. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a can ya rasu cikin 1837, a can kuma hubbarensa ya ke. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya zauna can, a zamaninsa ne Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka garin cikin 1853. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma riƙe ƙasar yana Hakimi tun daga 1934 kafin a kai shi Gusau. Jar fatar akuyar Sakkwato ita ce wadda fatake su ke ƙetare hamada da ita har Turawa su ka laƙaba mata sunan Maroko. Saboda haka gafaka ta malami, ko tandu, ko baƙin akushi, ko riga mai aska takwas, ko sirdi da likkafa, in an ce daga wannan yanki su ka fito, sun riga sun sami abin faɗi.

Amma fa nan ne haɗarin ya ke. Tun da labari shi ke ɗaga kuɗi, mai kwaɗayi zai ƙara masa gishiri. Takobin da maƙeri ya ƙera shekaran jiya sai a binne shi a ƙasa ya yi tsatsa, a ce da shi aka yi yaƙin Gawakuke na 1836. Rigar da aka saya a kasuwa sai a ce ta wani basarake ce. Wannan zamba ce, ko a gaban Alƙali ko a gaban kotun Gwamnati. Malamai sun san hukuncin wanda ya ɓoye aibin haja, watau mai saye yana da ikon mayarwa. Ban da wannan kuma, ƙarya a kan tarihi tana da wata ɓarna wadda ta fi ta kuɗi. Abin da aka rubuta a intanet ba ya ɓacewa. Bayan shekara 30 wani ɗalibi zai tsince shi ya ɗauka gaskiya ne, ya sa a littafi.

Labarin kirki ba dogo ba ne, ba ya kuma bukatar sunan sarki. Ga misali: mai sayarwa ya ce wannan akushi ne na itace, na saye shi a Tursa daga hannun wata tsohuwa, ta ce na uwarta ne, a ciki a ke kai wa maigida tuwo, bakinsa ya tsage a gefe guda an ɗinke da waya, faɗinsa kaza, nauyinsa kaza. A lura da yadda ya rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Tsagar nan da ɗinkin nan, waɗanda dillalin kasuwa zai so ya juya su baya, su ne masu neman kayan da su ke so su gani, gama su ne shaidar an yi amfani da abin. Kada kuma a kankare tasa da toka har ta yi ƙyalli kamar sabuwa, yin haka rage mata daraja ya ke yi.

Abin da doka ta hana

Wajibi ne Hakimai su bambanta kaya iri uku. Akwai gwanjo, wanda ba ruwan kowa da cinikinsa. Akwai kayan da, irin su kwanonin jere na ɗakin amare, da fantekoki, da faya-fayen garmaho, da tsofaffin akwatunan rediyo, da kwabo mai huji da anini da sule waɗanda aka daina ciniki da su, tun ma ba bayan da naira ta maye gurbin fam cikin 1973 ba. Waɗannan halal ne ga mai su ya sayar. Sa'an nan akwai kayan tarihi, su kuwa doka ta yi musu shinge.

Dokar farko a kan wannan an kafa ta cikin 1953. Aka ƙara tsananta ta cikin 1974, kana cikin 1979 aka yi doka mai lamba 77 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Bisa ga wannan doka, aikin hannu na mutanen ƙasa wanda aka yi kafin shekarar 1918 kayan tarihi ne, ko makami ne, ko kayan kiɗa, ko rubutun hannu. Haka nan abin da ke da daraja ta tarihi wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, ko da bai kai waɗannan shekaru ba. Haka kuma abin da aka tono daga ƙasa na mutanen da. Ba a sayar da irin waɗannan sai ga wakilin da Hukumar ta amince da shi, ba a kuwa fitar da su daga Nijeriya sai da takardar izininta. Watau tambari da kakaki na gidan sarauta, da takardun da malamai su ka gada da rubutun kakanninsu, ba hajar intanet ba ne, kome kuɗin da aka taya.

Kada a ɗauka wannan magana ta nesa ce. Gumakan yumɓu da a ke tonowa a ƙasar Sakkwato da Katsina, tare da na Nok, sun shiga jerin kayan Afirka da a ke sata wanda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar cikin shekarar 2000. Guda ɗaya na Sakkwato da biyu na Nok sun kai har Faransa, Gwamnatin can ta saye su, sai cikin 2002 aka daidaita a kan cewa na Nijeriya ne, an dai ba da su aro na shekara 25. Abin da ya fita ta ɓarauniyar hanya ba ya komowa da sauƙi.

Wanda ya ke shakka a kan wani abu, ya kai shi ko hotonsa gidan tarihi na Hukumar a duba. In ba kayan tarihi ba ne, a can zai nemi takardar da za ta wanke shi wurin ma'aikatan kwastan. Mai rubuce-rubucen da, in yana son a adana su, ga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a birnin Sakkwato.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ya shiga saboda 'yan bindiga, har da harin da aka kai kasuwar Goronyo cikin watan Oktoba na 2021. Mutumin da ya gudu daga garinsu da yunwa a cikinsa, sai ya sayar da abin da ya gada a kan kuɗin mudun gero biyu. Wani kayan kuma daga gidan da aka bari ba kowa aka kwaso shi. Dillali na gari ba ya cin wannan riba. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su sa ido ga baƙi masu yawo suna tambayar tsofaffin kaya, su kuma gargaɗi jama'a kada kowa ya sayar da kayan gado sai da yardar sauran magada. Sau da yawa rigimar da ta kan biyo baya ba tsakanin mai saye da mai sayarwa ta ke ba, tsakanin 'yan'uwa ne.

Shawarar da mu ke bayarwa ita ce Malamin Hakimi ya buɗe littafi guda domin wannan sha'ani. Doka ba ta tilasta haka ba, amma amfaninsa yana da yawa. Duk dillalin da ya sayi abu mai daraja ya zo da shi tare da mai shi, a rubuta ranar ciniki, da siffar abin, da garin da ya fito, da kuɗin da aka biya, da labarin kamar yadda mai shi ya faɗa da bakinsa, da shaidu biyu. Malami ya rubuta abin da ya ji kurum, kada ya gyara, kada ya ƙara. In ya ga abin ya yi kama da kayan tarihi, ya tsai da cinikin ya sanar da Hakimi. Kada kuma hatimin Hakimi ya hau wata takarda mai cewa abu kaza na sarki wane ne, sai in gidan sarautar da kansa ya tabbatar.

Dillalin ma ya ƙaru da wannan, domin mai saye na nesa ya fi sakin jiki da kayan da a ke iya bin asalinsu. Sauran ka'idodinsa kaɗan ne: ya ɗauki hoto da hasken rana ta kowane gefe, kada ya aika da kaya sai ya ga kuɗi sun shiga asusunsa na banki, ba hoton rasit kaɗai ba, ya naɗe abin da ke fashewa da kyau kafin ya kai gidan waya ko tashar mota. Sunan wanda ya sayar masa da hotonsa kuwa, kada ya sa su a intanet sai ya nemi izini, balle matan aure. Ambaton gari ya isa, sunan kuma yana nan a littafin Malamin Hakimi ga wanda ya ke da dalilin tambaya.