Ƙuri'ar Magami da masu zaman jiran ta

Magami ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gusau, a kan hanyar da ta nufi Ɗansadau. Wanda ya san hanyar nan ya san halin da ta shiga a shekarun nan: direbobi kan tsaya jiran rakiyar sojoji kafin su tashi, ƙauyuka da dama sun watse saboda 'yan bindiga, iyalai sun tare a Gusau ko cikin garin Magami. In ka yi wa mutumin da ke cikin wannan hali maganar zaɓe, sai ya ce maka, "Mun sha jefa ƙuri'a, me muka gani?" Wani kuma ya ce ai tun daga Abuja ake rubuto sakamako. Ƙorafin farko ba mai musun sa. Na biyun ne tarihin Zamfara bai mara wa baya ba.

Tun daga 1999, sau biyu talakawan jihar nan suna kayar da gwamna mai ci. A 2011 Abdul'aziz Yari na ANPP ya kayar da Mahmud Aliyu Shinkafi, wanda ya sauya sheƙa zuwa PDP. A 2023 kuma Dauda Lawal na PDP ya kayar da Bello Matawalle, wanda shi ma ya koma APC a 2021. Abin lura a 2023 shi ne, ranar 25 ga Fabrairu Tinubu na APC ne ya lashe Zamfara a zaɓen shugaban ƙasa, amma bayan mako uku kacal, ranar 18 ga Maris, kujerar gwamna ta tafi PDP. Ashe Bazamfare ba ɗan amshin shatan jam'iyya ba ne. Mutum yake dubawa, yana kuma riƙe da abin da aka yi masa.

Sai dai mu nawa ne ke fitowa? Dauda Lawal ya samu ƙuri'a 377,726, Matawalle ya samu 311,976, tazarar ita ce 65,750. A jihar da ke da masu rajista sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, wannan na nufin fiye da miliyan ɗaya ba su dangwala wa kowa ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka tazarar nan fiye da sau goma sha biyar. A ƙasa baki ɗaya ma, kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito zaɓen shugaban ƙasa a shekarar.

'Yan siyasa sun fi kowa sanin wannan lissafi. Bayan zaɓe akwati-akwati suke bi, su ga inda aka fito da inda aka yi barci, kuma da wannan ake auna inda za a kai rijiyar burtsatse da inda za a ce a yi haƙuri sai baɗi. Magami na tarayya a ɗan majalisar wakilai ɗaya da cikin garin Gusau da Tsafe, tana kuma tarayya a sanata ɗaya da su da Bunguɗu da Maru. In mazaɓun cikin gari irin su Tudun Wada da Sabon Gari suka cika layi, Magami da Wanke suka yi ƙaranci, kada a yi mamakin inda hankalin wakili zai karkata.

Wanda gudun hijira ya raba da ƙauyensa ya sani cewa katinsa bai mutu ba. Idan INEC ta buɗe rajista, yana da damar zuwa ofishinta na ƙaramar hukuma ya nemi a mayar da rumfarsa inda yake zaune yanzu. Wanda katinsa ya ɓata ko ya ƙone ana sake masa wani, ba a biyan ko sisi. Amma ana rufe wannan ƙofa watanni kafin zaɓe, don haka mai jiran sai an fara kiɗan kamfe ya makara.

Akwai masu yawo gida-gida, musamman wajen mata da tsofaffi, suna karɓar katin zaɓe ko rubuta lambarsa da sunan za a kawo tallafi. Kada a bayar. Na'urar BVAS da yatsa ko fuska take tantance mutum, saboda haka wanda ya karɓi katinki, Hajiya, ba zai iya jefa ƙuri'a da shi ba. Abin da yake so shi ne ki rasa shi ranar zaɓe. Taliya da sabulu da turmin atamfa kuwa, doka ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne, kuma kafin a rantsar da wanda ya raba, taliyar ta daɗe da ƙarewa.

Darasin 2019 ma bai kamata ya wuce mu ba. Ranar 24 ga Mayu na shekarar Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un 'yan takarar APC na gwamna da na majalisu a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, kujeru suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Duk mai katin jam'iyya ya sa ido kan zaɓen fid da gwani tun daga matakin mazaɓa, tun kafin 2027.

Ranar zaɓe kuma kada a jefa a juya baya. In akwai tsaro, a tsaya a ƙirga a gaban kowa, ejan-ejan su sa hannu, a manna kwafin sakamako a jikin rumfar, mai waya ya ɗauki hotonsa kafin a wuce da akwati wurin tattara sakamako.