Tankin tawada ko katirij: wanne ba zai ba da kunya ba wajen buga hoto?

Yawancin hotunan da ake ɗauka yanzu a waya suke ƙarewa, amma duk wanda ya fara tunanin buga su a takarda, ko na biki ne ko fasfo na neman ɗan taro da sisi, zai ci karo da magana ɗaya: tawada ta fi firintar cin kuɗi. Da yawa daga ƙananan katirij ba sa ɗaukar mililita 15, ga shi hoto yana shan tawada sosai domin launi ne ke rufe takardar baki ɗaya. Wannan ya sa masu gyara suka daɗe suna ɗaura wa firinta tankuna a gefe, a haɗa su da katirij ta siraran tiyo. Shi ake kira CISS.

A araha babu gardama, tanki ya yi gaba. Inda ake samun saɓani shi ne ko zai yi aiki a ranar da ake buƙatarsa.

Tankin da aka ɗaura daga baya yana aiki ne da daidaiton matsi. Dole ya zauna a ƙasa ɗaya da firintar. Idan aka ɗaga shi sama, ko da a kan littafi ne, tawada za ta kwarara ta cika kan firintar ta ɓata takarda. Idan ya yi ƙasa, tawada ba za ta isa ba, iska ta shiga tiyo, sai a ga farare-fararen layuka sun ratsa fuskar amarya. Akwai kuma ƙananan murafun iska da ake buɗewa lokacin aiki, a rufe lokacin ɗaukar firintar, kuma mantuwa da su kaɗai ta isa ta tsayar da aikin yini. Tiyon ma yana kai da komo tare da kan firintar a cikin akwatin da ba don shi aka ƙera ba, don haka yakan lanƙwashe ko ya maƙale.

Irin kan firintar ma yana da tasiri. Canon da HP suna amfani da zafi wajen fesa tawada, kuma tawadar ce ke sanyaya kan, saboda haka idan iska ta yanke ta aka ci gaba da bugu, kan na iya ƙonewa. Na Epson ba ya amfani da zafi, amma a jikin firintar yake, idan ya toshe ya ƙi wankuwa, kuɗin sabo kan kusa kai kuɗin wata firintar. A nan katirij mai ɗauke da nasa kan ya yi zarra: duk canji, sabon kai ne.

Abin da masu sayar da tankin ba sa yawan faɗa shi ne maganar launi. An tsara manhajar firinta ne da tawadar kamfanin da takardarsa. Aka zuba wata daban, fatar mutum na iya komawa ja-ja ko kore-kore. Mafi muni kuma, ba a ganin illar a ranar. Tawada mara suna takan koɗe da wuri idan hoton yana shan haske, kuma kwastoman da hoton aurensa ya dusashe a bango ba zai zargi kwalba ba, mai shagon zai zarga.

Katirij na asali ma ba tsarkakke ba ne. Duk wankin kai da firinta ke yi daga wannan 'yar tawadar mai tsada ake ɗiba, kuma kamfani na iya rufe ƙofa ga na waje. A 2016 wani sabunta manhaja na HP ya sa firintoci da dama suka daina karɓar katirij da ba na kamfanin ba.

Gaskiya dai muhawarar ta canza tun 2010, lokacin da Epson ya fara sayar da firinta mai tanki daga masana'anta a Indonesiya, bayan ya ga yadda mutane ke ɗaura nasu. Canon da HP sun biyo baya. Ga masu hoto, Epson L805 da L1800 suna da launi shida, har da shuɗi da ja masu haske da ke sa fata ta fito da laushi, kuma kowace kwalba mililita 70 ce. L8050 da ta biyo bayan L805 tana da akwatin tara dattin tawada da mai ita zai iya canzawa da kansa, maimakon soson ciki da kan cika ya kulle firintar. Wanda zai sayi sabuwa yau ba shi da wani ƙwaƙƙwaran dalilin ɗaura tanki daga baya.

Ko na masana'antar ma, tanki yana son aiki. A lokacin hunturu, busasshiyar iska da ƙura suna saurin busar da ƙofofin tawada, kuma idan aka ɗauke wuta ana cikin bugu, kan ba ya komawa mazauninsa inda ake rufe shi. Ƙaramin UPS, mayafin rufe firinta, da buga shafin gwaji mai launi sau ɗaya ko biyu a mako suna rage wannan sosai. Wanda kuwa hoto goma kawai yake bugawa a wata, ya fi masa sauƙi ya tura su ta waya zuwa shagon hoto.