Koyon Aikin Jinya Na Shekara Biyu A Amurka

A wani taron gama kai da na halarta, wani dattijo ya ce mini 'yarsa ta ji labarin makarantar jinya ta shekara biyu a Amurka, har yana tunanin sayar da shanun huɗa don ya aika ta. Na san ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ga ya kamata mu duba maganar tare.

A Amurka akwai ƙananan kwalejoji waɗanda a ke kira kwalejin al'umma. Yawancinsu na gwamnati ne, an kuwa kafa su kusa da jama'a domin ɗalibi ya kwana gidansu ya tafi aji da safe. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar ta yi ƙarancin ma'aikatan jinya ƙwarai. Sai wata malama mai suna Mildred Montag, ta Jami'ar Kolambiya a birnin New York, ta kawo shawara a koyar da aikin cikin shekara biyu a waɗannan kwalejoji. An soma gwada shirin a 1952. Ya buɗe hanya ga matan aure, da maza, da masu ƙaramin ƙarfi.

Ɗalibi ya kan fara da sanin sassan jiki da yadda su ke aiki, da ƙwayoyin cuta, da lissafin auna magani. Daga nan a kai shi asibiti ya yi aiki gaban malami: ɗakin haihuwa, ɗakin yara, ɗakin fiɗa, da wurin masu taɓin hankali. In ya gama, sai ya zauna jarrabawar ƙasa da a ke kira NCLEX. Ita ce dai wadda mai digirin shekara huɗu ya ke zamawa, lasin kuma iri ɗaya ne.

Amma mu lura da abu uku. Na ɗaya, akwai darussan share fage kafin a karɓi mutum, guraben kuma kaɗan ne, saboda haka shekara biyun ta kan zama uku. Na biyu, arahar ta ɗan gari ce. Baƙo ya kan biya fiye da haka nesa, ga kuɗin ɗaki da abinci, bizar ɗalibi kuwa ba ta yarda ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu ba. Na uku, karatun bai ƙare nan ba. A 2017 jihar New York ta yi doka cewa sababbin ma'aikata su sami cikakken digiri cikin shekara 10 bayan karɓar lasin.

'Yan'uwa, abin koyi a nan shi ne kusanci. Makaranta ta zo wurin mutane, ɗan gari ya koya, ya kuma yi jinyar mutanen garinsu. Mu ma muna da makarantun jinya na gwamnati da na ekklesiya. Kafin ku biya ko kwabo, ku tabbata Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta amince da makarantar. Ƙungiya kuma tana iya ware buhu kaɗan bayan girbi ta tallafi yaro ɗaya, bisa alkawarin zai komo ya yi aiki a ɗakin shan maganinmu.

Na roƙi dattijon nan ya bar shanunsa tukuna. Damina tana tafe, su ne kuwa za su biya kuɗin makarantar.